Ba a Zuba wa Mai Ludayi

Lahadi, 2 ga wata

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwa? Ya Yaya Direba da matarsa Malama da yara? Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewar gida. Na bi umarninki na rubuta da hannu, tunda kin ce maganar waya iska ke kwashe ta. Zan ɗauki hoton takardar in tura wa Malama, in kin ba da amsa ita ma ta turo min hoton taki.

Aiki yana nan a gidan kula da tsofaffi. Ɗakuna goma sha huɗu ne a hawanmu, amma ɗaki na tara shi ya hana ni sukuni. Wata tsohuwa ce 'yar Japan, aure ya kawo ta ƙasar nan fiye da shekara hamsin. Ciwon mantuwa ya share mata yaren da ta koya a nan, ya bar mata Japananci kaɗai. Mijin ya rasu, 'yarta ɗaya tana nesa, kuma ba ta tashi da yaren uwar ba. Muna ce mata Kaka.

Gwaggo, Kaka ba ta cin abinci. A kai mata tire, ta dube shi, ta ture da bayan hannu. Kin san tsufa, tsoho in ya kafe ya fi yaro taurin kai, a ajiye masa abinci ya kau da kai kamar an yi masa laifi. Likita ya ce in wata ya ƙare tana ci gaba da ramewa, asibiti za a kai ta a sa mata bututun abinci. Na ga masu bututun nan. Ba na so ta je.

Shi ne na ce bari in koyi yarenta ko kaɗan ne. Na fara da littafi, na gane sai na yi shekara kafin in iya tambayar mutum me ke damunsa. Sai Kukun gidan ya aro min na'urar wasa ta hannu ta 'yarsa, ya juya min yaren wasan zuwa Japananci. A cikin wasan kana wani ɗan ƙauye, kana noma, kana kiwon kaji, kana shiga shaguna, mutane suna yi maka magana da murya, rubutu na fitowa a ƙasa. Kyawun abin, ba sa gajiya. Ka tsayar da mutum sau ashirin, sau ashirin zai maimaita maka bai yi tsaki ba.

Kada ki yi min dariya. Kwana uku na yi ban fita daga ɗakin cikin wasan ba, don ban iya karanta abin da ƙofa ke tambayata ba. Ranar da na fita kuwa na sayar da fartanyata ina zaton gyara ta na kai. Yanzu ina da ƙaramin littafi da nake zuba kalmomi, sun kai sittin. A cikin bas nake yi, da lokacin hutun rana a ɗakin wanki.

Ke da kika yi shekara talatin kina ciyar da tashar mota guda, ki sa mu a addu'a.

Taki,
Takwara

*

Alhamis, 6 ga wata

Takwara,

Na ga takardarki, na sa gilashi na karanta har sau biyu. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda kika bar ta, ba ta je ko'ina ba. Direba yana hanya, yara suna makaranta.

Kafin komai, wa ya kai miki ƙarata? Direba ne ko matarsa? Wai tsoho in ya kafe ya fi yaro taurin kai, a ajiye masa abinci ya kau da kai. In da ni kike, ki fito fili ki faɗa, ki bar raɓewa a bayan tsohuwar mutane kina min habaici. Ni na goya ki, na san tarinki na gaske da na ƙarya. Abin da cikina ya karɓa shi nake ci, ba wanda zai auna min loma.

Sai maganar akwatin wasa. Da na karanta na ajiye wayar na riƙe haɓa. Ranar da ubanki zai cika, hannunki ya kama ya sa a nawa. Na sallame ki ki je ki samo takardar nas, jarrabawa saura wata biyu, ke kuma kin koma noma a cikin akwati. Gonar gaske ma ba ki taɓa riƙe mata fartanya ba, ashe ta ƙarya ma sayar da ita za ki yi. In kazar akwatin ta yi ƙwai ki aiko min da biyu.

Ba na ce kada ki ji tausayi ba. Tausayi gadonmu ne, shi ya sa ban taɓa korar mai jin yunwa daga bencina ba. Amma gidan nan akwai likita, akwai manyanki, kowa da aikinsa. Kai ba ya wuce wuya. In kika faɗi jarrabawa, tsohuwar ba za ta ma san sunanki ba balle ta ba ki haƙuri.

Ki mayar wa Kuku kayan 'yarsa, ki buɗe littafinki.

Malama, na san kina karantawa kafin ki ɗauki hoton. Ki ɗauka da kyau, kada ki yanke min layin ƙasa.

Gwaggonki

*

Litinin, 10 ga wata

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki gaishe min da kowa.

Wallahi babu wanda ya kawo min ƙararki, ban ma san akwai ƙara ba. Da Kaka nake, ba da ke ba. Littafin jarrabawa kuwa ban yar da shi ba, da safe nake karanta shi kafin in fita.

Ki saurari abin da akwatin da kika raina ya yi. Duk wanda ya turo ƙofar ɗaki na tara, Kaka sai ta ɗaga murya ta faɗi wata kalma mai tsawo, da ɗan kari kamar waƙa. Tuntuni Babbar Nas ta sa wayarta ta fassara, ta fito da barka da zuwa. Muka ce tsohuwa mai ladabi, muka wuce wurin.

Ranar Juma'a ina ɗakin wanki, injin wanki na juyawa, na shiga gidan abincin cikin wasan don in sayar da kifin da na kamo. Matar da ke bayan kantar shagon ta ɗago ta faɗi kalmar nan, da karin nan sak. Na fita, na bi ƙauyen gida gida ina shiga. Maƙwabta da wata gaisuwar daban suke tarbata. Wannan kalmar masu shago ne kawai ke faɗinta, in mai saye ya shigo.

Na roƙi Babbar Nas ta kira 'yar Kaka. Ashe gidan abinci ta yi, ɗan ƙarami, kujera takwas a jere gaban kanta, shekara ashirin da takwas. A takardarta ta gidan nan ba a rubuta komai ba sai cewa ta yi ritaya. Gwaggo, wata bakwai muna shiga ɗakinta muna zaton marar lafiya muka je dubawa, ita kuma a ganinta masu cin abinci ne ke shigo mata shago.

Yanzu na daina noman, na tare a gidan abincin wasan. Ina shiga ina fita, ina kwafe yadda ake cewa a ba ni kaza, da abin da ake faɗi kafin a ci, da godiyar da ake yi in an gama. Ina maimaitawa a bas har wani dattijo ya canza kujera.

Amma sanin bai sa ta ci ba. An auna ta yau, ta sake raguwa. Hannun rigarta sai an naɗe sau biyu.

Kin ce kai ba ya wuce wuya, gaskiya ne. Sai dai ke yanzu kin huta, Gwaggo. Tun da Yaya Direba ya sa kika rufe shago, abinci har ɗaki ake kawo miki a rufe. Ba ki san yadda ake ji mutum yana ƙarewa a gabanka da tire a hannunka ba. Ki yi min uzuri.

Taki,
Takwara

*

Asabar, 22 ga wata

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha biyu ke nan ban ga rubutunki ba. Na tambayi Malama, ta ce kina lafiya, kin dai ce ba ki ga bironki ba. Ni na san biron nan a ɗaure yake a bakin zanenki tun ina firamare. In na yi laifi ki faɗa min, zagin ya fi min shirun nan.

Na yi wauta, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Ranar Laraba na cire rigar aiki, na shiga ɗaki na tara kamar mai saye. Ta faɗi kalmarta, na zauna, na ce a ba ni shinkafa yadda na koya. Gwaggo, da kin ga fuskarta. Ta miƙe zaune, idonta ya kawo haske, ta amsa min da ƙarfi. Sai ta fara lalube, dama da hagu, kan bargo, ƙarƙashin matashi. Babu tukunya, babu komai. Ta sunkuyar da kai tana ta ba ni haƙuri, wannan kalmar na san ta. Na ruga na kawo tire na ajiye mata, na ce ta ci. Ta juya fuska bango, ranar ko ruwa da ƙyar ta sha.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Likita ya riga ya cike takardar asibiti, sa hannu ya rage. Na koyi kalma ɗari da arba'in, ban san wacce zan faɗa ba.

Taki,
Takwara

*

Lahadi, 23 ga wata

Takwara,

Na ga biron. Muna lafiya.

Fushi na yi, ba zan ɓoye miki ba. Kin ce na huta. Wannan maganar ta zauna min a ƙirji kwana goma sha biyu. Amma takardarki ta jiya ta sa na zubar da hawaye a kan matar da ban taɓa gani ba, don haka a ajiye fushi, a yi aiki.

Akwatinki ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Ya nuna miki ƙofar shago. Abin da bai sani ba shi ne bayan kanta, don ke kullum a matsayin mai saye kike shiga. To ki buɗe kunne.

Ba a zuba wa mai ludayi. Shekara talatin ban taɓa cin abincin da wani ya zuba ya ajiye min a gaba ba. Mai abinci ba ta ci mutane na kallo, ba ta ci kafin ta sallami na kan benci, kuma ba ta cin na faranti. Sai kowa ya watse, ta juya baya, ta ci ragowar tukunya, yawanci a tsaye. In kika kawo mata tire a rufe, ce mata kika yi aikinki ya ƙare, zauna a yi miki. Wa zai haɗiye loma a kan wannan magana?

Ga abin da za ki yi. Ki kai mata tukunya, ba faranti ba, da murfinta. Ki ajiye a gefen hannunta na dama. Ki sa mata ludayi a hannu, ki rataya mata tsumma a kafaɗa. Ki kawo mutum uku, ɗaya ba ciniki ba ne. Su zo da yunwa ta gaske, don mai abinci daga ƙarar cokali take gane mai yi mata kara. Wani ya nemi ƙari. Kada wanda ya taɓa ludayin ko da ta zubar a ƙasa. Ku bar mata kamar ludayi biyu a gindin tukunya. Ku yi godiyar da kika kwafo, ku fita, ku ja ƙofa.

Kuma duk abin da za ki faɗa da yaren nan, kada ki ce mata ta ci. A cikin kalmominki ɗari da arba'in, wannan ce kaɗai za ki bari a aljihu.

In Babbar Nas ta ce doka ta hana, ki ce mata wata tsohuwa da ta ciyar da direbobi shekara talatin ba wanda ya ƙone ce ta aiko ki.

Ban manta da jarrabawa ba.

Gwaggonki

*

Litinin, 31 ga wata

Gwaggona,

Ina gaisuwa da babbar murya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Babbar Nas ta ce doka ta hana, kamar kina wurin. Ba a ba mazauna gidan tukunya mai zafi. Na fassara mata takardarki layi layi. Ta ce in da ɗumi ne ba zafi ba, ita ba ta ga komai ba. Likita ya ce ba zai sa hannu ba sai awon ƙarshe.

Kuku ya ba da ƙaramar tukunya da ludayin katako. Masu sayen su ne shi da Mai Shara da ni, mun ƙi karyawa don mu zo da yunwa. Na ajiye tukunyar a damanta, na rataya mata tsumma. Da ludayin ya shiga hannunta, yatsun da ba sa iya ɓalle maɓalli suka kama shi daidai. Ta buɗe murfin, ta shinshina, ta harari Kuku. Ba sai an fassara wannan ba.

Muka fita muka sake shigowa. Ta faɗi kalmarta har aka ji a ɗaki na goma. Na ce a ba mu shinkafa da miya, mutum uku. Ta zuba, rabin ludayin farko a kan bargo ya sauka. Kuku ya manta ya kai hannu zai taimaka, ta make shi da tsumma. Mai Shara ta nemi ƙari da nuni, Kaka ta yi dariya, ranar na fara ganin ba ta da haƙoran sama.

Da muka gama na yi godiyar da matar cikin wasan ta ji daga bakina fiye da sau ɗari. Kaka ta amsa da dogon zance, yawancinsa ya wuce ni. Abu ɗaya na kama, shi ma don kullum da shi ake sallamata a wasan. Cewa ta yi in sake dawowa.

Muka fita na ja ƙofa. Kin ce kada a kalla, amma ki yafe min, na leƙa ta gilashin ƙofar. Ta daɗe tana kallon kujerun. Sannan ta juya baya a hankali, ta jawo tukunyar kan cinyarta. Na ji ƙarar ludayi yana kankare gindin tukunya. A nan na zauna a ƙasan baranda na yi kukan da na kwana biyu ban yi ba.

Kwana bakwai ke nan ana buɗe shago a ɗaki na tara, rana da yamma. Ma'aikata har layi suke bi. An auna ta yau, ta ƙara rabin kilo. Likita ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Jiya na buɗe hotunan takardunki na sake karantawa tun daga ta farko. Kin tambaye ni wa ya kawo min ƙararki, ni kuma na ɗauka faɗanki ne na kullum. Har na ce miki kin huta. Na je har wani ƙauyen akwati ina koyon yaren da ba nawa ba don in ji tsohuwar mutane, tawa kuma ta rubuto min da Hausa ban ji ba. Ki gafarce ni, Gwaggo.

Anti Malama, ke ma ina gaishe ki. Na san takardar ranar ashirin da uku ta bi ta hannunki. Ba zan ƙara komai a kanta ba.

Taki,
Takwara

*

Laraba, 2 ga sabon wata

Takwara,

Na ga takardarki. Muna lafiya, gwiwa ma ta ɗan saki. Na yafe miki, dama ba ki yi da gangan ba. Rabin kilo ba kaɗan ba ne a jikin tsohuwa, Allah ya ƙara.

Ke da Malama kun haɗa baki, to kin makara. Ba ta jira layinki na ƙasa ba. Tun ranar da ta ɗauki hoton waccan takardar na ga ta daɗe a tsaye da waya a hannu, ta fita tana share ido. Yarinyar kirki ce, shekara guda tana kawo min tire da murfi da ɗan tsumma mai fure a kai, don kada in wahala. Ni kuma na kasa ce mata tiren ne ke ƙoshar da ni tun kafin in buɗe.

Washegari da rana ta shigo da tukunya gaba ɗaya ta dire a damana. Sai ga ludayina na shago, wanda Direba ya ce ya ɓata a wajen kwasar kaya, ashe a saman kabad ya kwana shekara. Suka jeru da faranti, ita da shi da yara uku. Ta ce, "Mama, a zuba mana, yunwa muke ji." Direba da gemunsa ya nemi ƙari sau biyu. Na gaya mata miyar ba ta ji gishiri ba, ta ce gobe ni zan sa.

Jarrabawa saura wata ɗaya. Safiya ta littafi ce, akwatin kuma ki riƙe shi a bas, kada ki mayar tukuna. Mai shago tana bukatar wanda zai ji abin da take faɗa.

Ranar nan da su Direba suka gama ci suka fita suka ja ƙofa. Na san suna bayanta, don numfashin Direba ko a tasha ana jin sa. Na juya musu baya.

Ki gaishe min da abokiyar sana'ata ta ɗaki na tara. Ki nemo yadda ake faɗa a akwatinki, ki ce mata ni ma na kankare tawa.

Gwaggonki